Akuyar Sama

Shekarar da taki ya gagari kowa, na aro ƙaramin jirgi marar matuƙi don korar tsuntsaye daga shinkafata a Watari. Na bugi ƙirji na ce sama ba ta da doka. Ina kallon gonar ta waya, kore shar kamar mafarki, na shagala, jirgin ya faɗa albasar maƙwabcina.

Mai unguwa ya jujjuya shi, ya ce, "Duk abin da ya yi ɓarna a gona dabba ne. A ɗaure shi."

Jirgin ya kwana a turke cikin awaki, sai da na kai damin harawa aka sako shi. Har yau in na wuce majalisa sai a ce, "Malam, akuyar taka ta haihu kuwa?"