Yadda Ake Kashe Gwaggo Don Samun Kwana Ukun Jinya

Ke da kika kai ɗiyarki gardari, gidan renon yaran ma'aikata, har kika ɗauke ta hoto a bakin ƙofa da ƴar gorar ruwanta, barka da arziki. Yanzu kin ga karatun da ake yi a can. Makon farko majina, na biyu ciwon ido, na uku zawo, na huɗu majinar ta dawo da ƙawayenta. Kwanakin konjenki, hutunki na shekara, sun ƙare tun kafin a gama girbi, shef, shugabanki na wurin aiki, kuma ya fara duban agogo duk sanda kika shigo.

Kwantar da hankalinki. Bi matakan nan bi da bi, na yi miki alkawarin kwana uku cur duk ranar da jikin yarinya ya yi zafi, da sa hannu, da hatimi, da addu'ar shef a sama. An gwada hanyar a Buza, a hannun wata Zaliha, sakatariya ƴar kwantiragi a wani biro, wato ofis, da ba zan kama sunansa ba. Ta ci sau huɗu cikin biyar. Ko sirop ɗin tari bai kai haka ba.

1. Ki san darajar abin da kike roƙo

A biro kowane uzuri da matsayinsa. Mutuwa ce a sama, kwana uku ba tambaya. Ɗaurin aure na biye, sai suna. Ciwon yaro yana can ƙasa, kusa da facin tayar babur.

Shef ɗin su Zaliha, Malam Alƙasim, mutumin kirki ne, ba jana'izar da ke wuce shi tsakanin Buza da Madawa. Amma a kawo masa zancen yaro ba lafiya, sai ya jingina da kujera ya ba da labarin mahaifiyarsa, wadda ta reni ƴaƴa tara ba ta taɓa neman izinin kowa ba. Gaskiya ne, gonar gero ba ta ajiye littafin sa hannu da ƙarfe takwas. Su goma sha uku ta haifa, amma wannan ɓangaren ba ya shiga labarin, ke ma kada ki shigar da shi.

2. Kada ki gwada gaskiya, balle in ɗiyar fari ce

Zaliha ta gwada sau ɗaya. Bushira ɗiyarta ce ta fari, shekara biyu saura kaɗan, kuma kowa ya san mace mai tarbiyya ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi, ko da tukunya ya jawo wa kansa. Ga shi Malam Alƙasim aminin surukinta ne, sahu ɗaya suke tsayawa ran Juma'a.

Ta tsaya gaban teburinsa ta ce yarinyar nan ta gidansu ba ta jin daɗi. Ya tambaya wace yarinya. Ta dubi siminti. Madam Salima, mai kula da dosiyoyin takardu, ta leƙo daga bayan kabad ta ce ƴan zamani ke nan, ɗiyar fari ake yi wa rawar jiki, su a lokacinsu ko kallo ba ta ishe su ba. Shef ya ce a kawo sartifika, takardar shaida daga likita. Zaliha ta kwashe safiya guda a layin gidan likita, majo, babban ma'aikacin jinya, ya duba yarinya, ya rubuta magani, ya ce sartifikar hutu ta ma'aikacin da ba shi da lafiya ce, ita kuwa ga ta garau.

Washegari ta tarar da takardar neman bayani a kan teburinta. Irin takardar nan in ta kai uku, kwantiragi ba ya ganin Janairu, kuma Malam Alƙasim ne mai sa hannun sabuntawa a Disamba. Riƙe wannan a ranki, shi ne ma'aunin duk abin da zai biyo.

3. Saurari shawarar manya, ki yi godiya

Za a ce miki haƙora ne. Zawo haƙora, tari haƙora, ƙuraje a bayan kunne ma haƙora. In aka bi lissafin tsofaffin unguwar su Zaliha, Bushira ta fitar da haƙora sittin kafin yaye.

Za a ce ki kai ta ƙauye wajen kaka. Kakar na rafi tun asuba tana dashen albasa, da jikoki biyar na ƴan ci-rani a zanenta.

Zancen miji kuwa kada ki ma tayar da shi. Mahfuzu, mijin Zaliha, bironsa na kallon gardarin, taku ɗari biyu ne tsakani. Amma namiji ya je gaban shef ɗinsa ya ce zai kai yarinya likita? Gwamnati sai ta tsaya. Rabonsa na jinya shi ne ya kira waya da hantsi ya ce, ya jikin yarinya. Yana yin hakan kullum ba fashi, a yaba masa. Kwana biyun da ya samu don ɗaurin auren ƙanen abokinsa a Madawa wani babi ne daban.

4. Fara da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya

Ga asirin sana'ar. Ba ƙarya za ki yi ba, kwanan wata kawai za ki matsar.

Ranar da ciwon ido ya manne wa Bushira fatar ido, Zaliha ta shiga ofis da gyale har goshi, ta ce kakanta na Sabon Gida ya rasu. Ya rasu ɗin kuwa, shekara shida da suka wuce. Malam Alƙasim ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu, ya yi addu'a mai tsawo, ya ce ta tafi, kwana uku, in bai isa ba ta kira. Mutumin da ya nemi sartifika a kan mai rai bai nemi ko sunan mamacin ba.

Zawo ya tafi da kawu Isaka. Ƙarambau ta ɗauki ƙanen kakarta. Tarin da ya ƙi jin magani ya sake komawa kan wani kawun.

Zaɓi na nesa. Ɗan ci-rani ya fi kowa albarka: an binne shi a Abijan, ba wanda zai cika mota ya je gaisuwa. In zuciyarki ta dame ki, tuna cewa bayin Allahn nan an daɗe da daina yi musu addu'a, ke kika samo musu sabuwa daga bakin babban ma'aikaci. Kusan lada ce.

5. In matattu sun ƙare, riƙe bakinki

Dangi komai yawansu suna da iyaka, gardari ba ta da ita.

Wata Talata a ƙarshen Nuwamba, Bushira ta tashi da masassarar da ko nono ta ƙi. Majo ya ɗiga jini a kan ɗan katakon gwaji, ya ce palu ne, zazzaɓin cizon sauro, a kwantar da ita a sa ruwa. Zaliha na tsaye a baranda, yarinya a kafaɗa kamar garwashi, ta kira shef. Ta laluba kanta ba sauran mamaci ko ɗaya. Bakinta ya ce Gwaggo Cima ta Tamaske ta rasu.

Gwaggo Cima yayar mahaifinta ce, ta haura saba'in, lafiyarta ta fi ta shef, kuma ba ta riƙe waya. Tamaske da nisa, hanya ba kyau. Har nan lissafi daidai ne. Sai shef ya tambaya yaya suke da marigayiyar, Zaliha kuwa, da yake ranta a dagule yake, ta faɗi gaskiya: ita ta rene ta tun tana shekara uku.

Kada ki taɓa furta wannan. Wadda ta rene ki uwa ce, uwa kuwa ba a yi mata gaisuwa ta waya. Kafin ƙarfe tara Madam Salima ta sauya gyale, an ɗora buhun shinkafa da dabino da goro a bayan motar sarwis ta biro, mutum bakwai sun shige. Biron da ba ya iya jure rashin sakatariya ɗaya na rabin yini ya rufe ƙofarsa da kwaɗo.

Salima ta kira daga hanya tana tambayar unguwa. Zaliha ta dubi wayar, ta dubi robar ruwan da ke ɗiga cikin hannun ɗiyarta. Ko ta hau kabu-kabu ta riga su isa ta faɗi gaban Gwaggo, ko ta zauna. Ta faɗi sunan unguwar, ta kife wayar, ta gyara wa yarinya zane. A ranta ta riga ta yi sallama da Janairu.

6. In marigayiya ce ta amsa sallama

Yadda Salima ta ba da labari daga baya, sun isa ba tabarma a ƙofar gida, ba taro, ba buta. Wata tsohuwa ce zaune a tsakar gida tana ɓarar wake. Shef ya yi sallama, ya tambaya ko nan ne gidan marigayiya Cima. Tsohuwar ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya yaushe abin ya faru. Aka ce yau da asuba. Ta ce Allah sarki, wa ya kai musu labari? Aka ce Zaliha. Sai ta tambaya ya ƴar Zaliha take. Salima ta ce ai tun da aka sa ta gardari kullum cikin ciwo take.

Tsohuwar ta sa aka shimfiɗa tabarma. Ta bar shef ya yi addu'arsa tun daga farko har ƙarshe, ya roƙa wa Cima sassaucin kabari da hasken makwanci, tana amsa amin da ƙarfi fiye da kowa. Ta sa direba ya shigar da buhun ɗaki. Sai da ta ga ya dire shi ta ce:

"To, ni ce Cima. Addu'a na gode, shinkafa kuma ta shiga ɗaka, ba ta fitowa."

Ta ɗauko mayafinta, ta zagaya ta buɗe gaban mota, ta zauna a kujerar shef.

7. Ranar hisabi, tsaya kusa da gadon

Da la'asar Zaliha ta fara ganin takalma a ƙofar ɗakin jinya, ƙafa bakwai masu ƙura, da silifas ɗin roba da ta sani tun tana yarinya. Ta miƙe tsaye.

Gwaggo Cima ba ta ko dube ta ba. Ta taɓa goshin yarinyar, ta juya ga Malam Alƙasim da ke tsaye fuska a murtuke.

"Malam, ni da na ci zamanina na taɓa na wasu, ka rufe biro, ka ƙona mai, ka zo min da mutum bakwai. Wagga da ko haƙoranta ba su cika ba, takarda kake biɗa. Jira kake ta mutu ka ba uwarta kwana uku?"

Shef ya gyara hula. Ya ce shi ba a taɓa gaya masa abin ya kai haka ba, yarinyar gidansu kawai aka ce masa, gida kuwa yara da yawa. Ya dubi Zaliha ya sake tambayar da ya yi mata watanni biyu baya, wace yarinya ce.

Gaban aminin surukinta, gaban gwaggonta, gaban majo da matan gadaje huɗu, Zaliha ta ɗaga kai.

"Bushira ce. Ɗiyata ce, ta fari."

Salima ta rufe baki da gyale. Rufin kwano bai faɗo ba, fanka ta ci gaba da juyawa. Gwaggo Cima ta ɗaka mata duka a kafaɗa ta ce mara kunya, sannan ta matsa mata wuri a bakin gado ta ce zauna ki riƙe abinki.

Takardar neman bayani ta biyu ta zo ran Litinin, kuma ta cancance ta. Ta uku ba ta zo ba. A Disamba Malam Alƙasim ya sa hannu a kwantiragin ba tare da ya ɗago ido ba, ya kuma manna sanarwa a bango: ciwon yaro, kwana ɗaya, mutuwa, kwana uku, amma daga yau sai da takardar rasuwa daga meri, ofishin magajin gari. Mazan biron, da kowannensu ke binne kawu biyu a wata, har yanzu ba sa amsa gaisuwar Zaliha da daɗi. Mahfuzu ya kira da hantsi ya ce, ya jikin yarinya.

Sanarwar wanke hannu

Wadda ta bi matakan nan ta bi su ne da ƙafarta. Ba ruwana da kwantiraginki, da fushin surukai, da dangin da za su ji labarin rasuwarsu a kasuwa. Ban ba da tabbacin gwaggonki za ta yi saurin ganewa irin na Cima ba; wata tun a ƙofar gida za ta kama sunanki da na ubanki. In kuma kina da shef da za a iya gaya wa sunan yarinya tun ranar farko, tsallake mataki na huɗu zuwa na shida, ki bar matattu su huta.

Gwaggo Cima na nan da ranta, shinkafar ma ta kusa ƙarewa. Ta bar wasiyya cewa ranar da ta tafi da gaske kada a wahalar da mutanen biro, sun riga sun zo.