Gashin Maƙeran Wagini

Zamanin da motoci suka cika ƙasa, na dawo daga jami'a ina taƙama, zan auna gubar dalma a jikin maƙeran Wagini masu narka tsofaffin batura. Ni ɗan gari ne, wa zai koya mini mutanena?

Na karɓi gashi da farcen kowa, ina zubawa a ambulan. Da na ga Musa har huɗu, sai na ce don bambancewa kowa ya faɗi sunan mahaifiyarsa.

Sarkin Maƙera ya ajiye guduma ya ce, "Ɗan nan, wa ya turo ka ka yi mana sammu?"

Yau ni farfesa ne, amma in na shiga Wagini kowa sai ya dafe hularsa: "Jama'a, ga Boka nan!"