Filasko a Dajin Falgore

Har yanzu in na ji warin filasko sai gabana ya faɗi. Shekarar da na gama sakandare ne cikina ya ɗaure, ga bikin ƙawata a Doguwa ya matso. Inna ta dafa mini filasko, na sha kofi guda, shiru. Da safe na yanke hukuncin cewa ganyen nan ya raina ni. Na ɗaga tukunyar na shanye sauran, na caɓa ado, na shiga mota a Tudun Wada.

Sai da muka nutsa cikin dajin Falgore, inda direbobi ba sa tsayawa don tsoron 'yan fashi, sannan cikina ya yi wani irin kuka, har dattijon da ke gefena ya waiwayo. Na karanta duk addu'ar da na iya.

"Malam direba, don Allah tsaya."

"A nan? Haba 'yan mata, so kike a yanka mu?"

"Wallahi in ba ka tsaya ba, kai za ka wanke motar nan!"

Ya taka birki yana salati. Wata Bafulatana ta miƙo mini buta ta ce, "Yi maza, 'yata."

Ina tsugunawa bayan wata bishiya na ji motsi. Na kurma ihu, "Ɓarayi!" na fito da gudu da takalmi ɗaya. Mota ta kaure da kururuwa. Ashe gwaggon biri ne, ga shi can riƙe da butar mutane.

Direban bai bar kowa bai ba labari ba. Har yau in na shiga tasha sai na ji an ce, "Malama, Doguwa kai tsaye, ko za a tsaya ki gaida mutumin naki?"