Rasuwar Abotar, Kwalekwalen Kobina Bentsil na Biriwa

Cike da baƙin ciki, da cikin da har yanzu bai gama amayar da ruwan gishiri ba, ni Kobina Bentsil na Biriwa nake sanar da 'yan'uwa, abokan arziki da masu dariya a bayan idona rasuwar kwalekwalena, Abotar. Ya cika ranar Juma'a da hantsi a bakin gaɓa, a gaban jama'a, bayan doguwar jinya da gajeriyar gardama da iska.

An sassaƙo marigayin daga gungumen itace guda tun ina da baƙin gashi da haƙorana cif. Bai taɓa sanin inji ba. Sa'o'insa duk sun ɗaura inji suna ta hayaniya da warin fetur, shi kuwa ya tsaya a kan filafilinsa da ƙyallen kama iska da marigayiya matata ta ɗinka masa da buhunan fulawa. Bai taɓa fita ran Talata ba, ranar da teku ke hutawa. Ba shi da yawan magana: in kaya sun yi masa nauyi ya ce "ƙiii", in ya hau rairayi ya ce "shuuu", shi ke nan. Da kifin da ya kwaso 'yata Araba ta yi karatu har ta zama nas a Kumasi, abin da ya dawo ya zame mana fitina, ni da shi.

Domin bara Araba ta zo ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu, ta ce, "Baba, wannan ai ba kwalekwale ba ne, rariya ce. Ka tattara ka biyo ni. Ga ɗaki, ga fanka, ga jikoki."

Na ce mata ni da Kumasi sai ranar da Abotar ya daina shiga ruwa.

"To, ka faɗa da bakinka," in ji ta. "Ranar da ya mutu, mota ce za ta ɗauke ka." Har sarkin masunta ta kira ya shaida.

Tun daga nan na koma likita. Kwalta, tsumma, gwangwanin madara da na baje na buga da ƙusa, babu maganin da marigayin bai sha ba. Masu cewa facin ya fi itacen yawa, na ji ku, kuma na san sunayenku.

Makon jiya Araba ta zo hutu. Ta zagaya shi tana danna haƙarƙarinsa da yatsa kamar tana duba majiyyaci, abin nan kuwa ya fi min zagi ciwo. Washegari iska ta tashi, ganyen kwakwa duk ya juya baya, manyan jirage masu inji ma an ja su sama an ɗaure. Na ce yau za ta gani da idonta. Na je na taso Ebo, abokin fitata tun muna samari, na same shi yana cin dokunu, tuwon masararmu.

"Kobina, ƙalau kake kuwa? Ba ka jin yadda tekun nan ke ruri?"

"Zagaye ɗaya kawai, mu taɓa dutsen can mu dawo. Ko dai tsufa ne ya kama ka?"

"Wa ya tsufa? Miƙo filafilin nan, ɗan neman magana!"

Ina shaida wa duniya cewa marigayin ya yi mutuwar maza. Muna ware ƙyallen, iska ta cika shi fam, Abotar ya zabura kamar ɗan maraƙin da aka kwance. Feshin ruwa na dukan fuska, Ebo na kwalfar ruwa da ƙwarya yana ambaton kakannina ɗaya bayan ɗaya, ni ko ina dariya har ƙirjina na ciwo. Muka bi gaɓa har dutsen, muka juyo. Rabon da in ji daɗi irin na ranar tun matata na da rai.

A dawowa ne ajali ya same shi. Kowa a Biriwa ya san yadda ake sauka: ka tsaya bayan inda igiyar ruwa ke fashewa, ka bar manya su wuce, ka hau bayan ƙarama ta kai ka. Na waiwaya, na ga fili, na ce mu je. Abin da na sani bayan nan shi ne ina ƙasa, teku na sama. Marigayin ya ce "ƙaras!" sau ɗaya, maganarsa ta ƙarshe ke nan. Samari suka tsamo mu, ni da Ebo da rabin wandonsa.

Ebo na tari yana cewa, "Igiya kamar gidan bene, Kobina! Ba ka gan ta ba?"

Na ce iska ce. Ya dube ni, ya dubi Araba da ke tsaye cikin ruwa har ƙugu da kayan fitarta tana kuka, ya ce, "I, iska ce." Ba wanda ya sake tayar da zancen. Amma ba a ɗora wa mamaci laifi: facinsa bai saki ba ko ɗaya. Idona ne ya dushe, ban ga igiyar ba.

Ya rasu ya bar filafili biyu, ɗaya a karye, da koma mai ramuka, da ƙwarya, da Ebo, wanda ya roƙi a cire sunansa daga cikin magada. Ya kuma bar ni, kuma rashinsa ya yi mini zafi ƙwarai.

Maame Kukuwa mai bandar kifi ta nemi gawar don murhunta. Ta ce za ta zaɓi inda kwalta ba ta taɓa ba, na ce ta yi ta nema. Za a yi jana'izar ran Talata, tunda kowa na gida, a bayan rumfarta. A zo da dokunu da barkono, kifin daga wajenta ne.

Masu ta'aziyya za su same ni a gindin kwakwar da nake gyaran koma har Asabar da safe. Bayan nan kada kowa ya wahalar da ƙafarsa. Wanda hanya ta bi da shi ta Kumasi, ya tambayi gidan Araba nas, ya shigo ya gaya mini ta ina iska ke busowa.