Rasuwar Nomlilo a Bakin Shingen Shanun Baba Shezi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ta wannan waya da ke hannuna, ni Bhekani Mthiyane na unguwar Umlazi nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata, Nomlilo, wadda ta cika yau Asabar da ƙarfe bakwai saura kwata na safe, a kan wani tudu da ke bayan Eshowe, bayan gajeruwar jinya ta kilomita tara.

Ina neman afuwa idan rubutun ya karkace. Daga cikin gawar nake yin sa. Na kwantar da kujerar direba har ƙasa, an lulluɓe mu da barguna uku, rana ta take, kuma muna tsakiyar gidan Baba Shezi, mahaifin Hlengiwe, yarinyar da iyayena suka zo nema mini yau. Sau ɗaya aka faɗa mini, ba a maimaita ba: idan tafin ƙafata ya taɓa ƙasar gidan nan kafin a fitar da ni, babu aure. Awa huɗu ke nan. Kuma kofi biyu na shayi na sha kafin mu taso.

Marigayiya ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya a duniya, wata goma sha huɗu a hannuna. 'Yar ƙarama ce, ja jawur, ƙofa biyu da murfin baya, amma injin da ke ƙirjinta ya fi ƙarfin jikinta. Na same ta a wani filin sayar da motoci a Isipingo, wajen wani mutum da ba ya cire baƙin gilashi kuma ba ya son tambaya. Shekara uku ina rataye a ƙofar tasi zuwa aiki a tashar jiragen ruwa ina mafarkin irinta. Da na murɗa makulli ta yi gyaran murya, sai na manta duk tambayoyin da na tanada. Makulli ɗaya ya ba ni, ya ce ɗayan ya ɓata. A gefen ƙofa, inda jan fenti ya ɗan ɓare, ana ganin fari a ƙasa. Ban tona ba. Wa ke tonon asalin wadda yake so?

Duk wanda ya zauna a Umlazi ya san muryarta. In ta tashi daga giya ta biyu zuwa ta uku sai ta ce firrr... fa! Karnuka su ruga, tsofaffi su tsine mini, 'yan mata su waiwaya. In na latsa makulli daga nesa sai ta ce ƙyit-ƙyit, ta kifta fitilu sau biyu, kamar mai cewa ga ni nan. Ba ta taɓa ba ni kunya a bakin danja ba. Ba ta taɓa ƙin tashi da safe ba. Ranar Lahadi a wajen wankin mota, nama na gasuwa, kiɗa na tashi, ita ake zagayewa ana ɗaukar hoto.

A can na fara cutar da ita, kuma ya kamata a rubuta. Na kai ta wajen Bra Skhumba bakanike ya yanke mata sifirin, ta durƙusa har kwalin sigari ba ya shiga ƙarƙashinta a tsaye. Tudun rage gudu sai a karkace muke hawa, taya ɗaya bayan ɗaya. Birkin hannu kuwa na cinye shi wajen juya ta a fili don a yi mini tafi. Bra Skhumba ya ce, “Kawo ta Litinin in ɗaure maka, ɗan iska, kafin ta kai ka lahira.” Litinin goma ta wuce.

Ita ta haɗa ni da Hlengiwe. Ranar da ta fara shiga, ta shafa dashbod, sannan ta ce, “Yaya Sibonelo ya taɓa yin irinta, fara. Da bindiga aka sauke shi a bakin danja a Johannesburg, aka bar masa harsashi a cinya. Har yau bai sake sayen mota ba.” Na ce Allah ya kyauta, na ƙara wa rediyo murya.

Ga yadda ajali ya zo. Baba Shezi ya sa ranar yau, kuma ita ce ta biyu, domin ta farko rasuwa ta hana mu zuwa. A wasiƙarsa ya ce wakilai su kasance a bakin ƙofa kafin a saki shanu, kuma ba ya sa rana ta uku. Motar da aka shirya za ta kai su ta ƙi tashi da asuba. Sai aka juyo aka dube ni. Ango ba ya zuwa wannan zama, kowa ya sani, don haka aka yanke cewa in sauke su a kan tudu wajen kanti, su gangara da ƙafa, ni in ɓuya a bayan kantin.

Mutum uku suka shiga. Baffa Mzwakhe, wan mahaifina, shi ne bakin tawaga, ya zauna gaba da sandarsa. Kawu Dumisa da wani dattijon cocinmu suka naɗe kansu a baya, kowanne cikin kwat mai kauri. Babu ɗaya a cikinsu da buhun masara biyu za su rinjaya. Nomlilo ta yi nishi ta ƙara durƙusawa.

“Wannan mota ce ko takalmi?” in ji Kawu Dumisa. “Gwiwata na cikin kunnena.”

A kan kwalta ta yi bajinta. Amma bayan Eshowe kwalta ta ƙare, burji ya fara, ruwan sama ya ƙwaƙule shi ya bar duwatsu a tsakiya kamar haƙora. Na tsaya a bakin wani kwari ina kallon dutse ɗaya mai tsini. Abin yi a fili yake: su sauka su taka taku ashirin, in lallaɓa in haye. Na buɗe baki. Na dubi furfurar Baffa, na dubi takalmansu da aka goge jiya, na dubi taɓo. A gidanmu yaro ba ya ce wa iyayensa su sauka, balle a hanyar da suka fito dominsa. Na rufe bakina.

“Me kake jira, ɗan nan? Shanu ba su san danja ba,” in ji Baffa.

Na taka. Ƙarar da ta fito daga cikinta ba zan manta da ita ba: ƙwas! sannan wani dogon ƙurrr. A madubi na ga baƙin layi yana bin mu a kan jar ƙasa. Kaskon baƙin mai ya tsage. Jar fitila ta kama a dashbod.

Daidai lokacin Baffa ya lumshe ido ya fara bitar kirarin zuri'ar Shezi, wanda zai yi a bakin ƙofa, kaka bayan kaka. Ba a katse mai kiran kakanni. Kilomita tara suka rage, rana ta fara leƙowa. In na kashe inji, mota ta tsira, shanu su fita, Hlengiwe ta tafi. In na ci gaba, na san abin da nake kashewa. Na ɗora tafin hannu a kan jar fitilar don kada Kawu ya gani, na ce mata a zuci, yafe mini.

Ta yi haƙuri irin na salihai. A kilomita na huɗu ta fara taf-taf-taf a hankali. A na bakwai ya zama gwaf-gwaf, warin ƙuna ya cika mu. Dattijon coci ya fara addu'a ƙasa-ƙasa. Ta hau tudun ƙarshe da giya ɗaya tana kakkarwa, ta kai mu har gaban kanti, ta ce fa! sau ɗaya, ba tare da firrr ba. Shi ke nan. Rai ya yi halinsa.

Sai dai gabanta ya riga ya leƙa gangara.

Na taka birki, ya sauka. Na sake takawa, ya zama dutse. Na ja birkin hannu, ya taso har kafaɗata babu komai a cikinsa. Gawa ta ɗauke mu shiru, babu inji, sai ƙarar tsakuwa. Ƙasan gangaren, hanya ba ta zuwa ko'ina sai ƙofar gidan Baba Shezi, ƙyauren katako da waya, a rufe.

“Tsaya mana! Kai, Bhekani, tsaya!” in ji Kawu Dumisa.

“Ta rasu, Kawu!”

“To wa ke tuƙa mu?”

Na miƙe tsaye a kan birki da ƙafa biyu. Ta rage, ba ta tsaya ba. Ƙofar da wakilai kan tsaya a bayanta awa guda suna kira kafin a kula su, mu da ita muka shiga gidan, tana kwance a kan bonet. Kaji suka watse. Wata mata ta jefar da bokiti. Muka tsaya hancinmu taku ɗaya daga shingen shanu, wurin da mutanen gida ke magana da magabatansu. Shanu goma sha wani abu suka zuba mana ido.

Kawu Dumisa ya share zufa ya ce, “To. Shanun suna ciki dai. Mun zo a kan lokaci.”

Baba Shezi ya fito da bargo a kafaɗa da kulki a hannu. Ya dubi ƙofarsa, ya dubi shanunsa, ya dubi gefen direba, ni kuwa na riga na nutse ƙarƙashin sitiyari. Sannan ya yi magana da iska, ba da mu ba.

“Ban ji an kira ba, don haka babu wanda ya zo. A tayar da ƙofar nan. In akwai masu magana, su koma waje su yi ta yadda iyayensu suka koya musu.” Ya buga kulki a kan rufin motar. “Wannan kuwa, iska ce ta turo ta. Babu kowa a ciki. In na ga ƙafa ta sauko, to akwai kowa, kuma wannan kowan ya shigo mini gida da ƙarfi. Kun ji ko?”

Haka matan gida suka kawo barguna suka yi wa Nomlilo sutura, da ni a ciki. Na ji Baffa a waje yana kirari har muryarsa ta dushe. Na ji an buɗe musu. Tun daga nan sai zafi, da ƙudaje, da saƙon Hlengiwe daga ɗakin da aka killace ta: “Ko tari kada ka yi.” Na rubuta mata cewa fitsari zai kashe ni. Ta ce, “Mutu a ciki.”

Marigayiya ta rasu ta bar ni, mijinta na fari a takarda. Ta bar tayoyi huɗu masu sauran rai, da safaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da lasifika biyu a but, da salansa wadda maƙwabta suka daɗe suna yi wa fatan wannan rana. Ta bar Bra Skhumba, wanda zai ce ya faɗa. Ta bar batir, shi kaɗai ke numfashi a jikinta.

Yanzun nan guɗa ta tashi daga babban ɗaki. Hlengiwe ta rubuto: “Baba ya karɓa. Ya ce saura Yaya Sibonelo ya iso ya sa baki, shi ne babban ɗa, ba a rufewa sai da shi. Yana hanya. Bai san ka ba, ka yi masa ladabi.” Ya jama'a, ba ta mutu a banza ba.

Jana'iza za ta kasance kamar haka. Bayan baƙi sun ci nama, mazan gidan Shezi za su tura gawar da baya-baya har wajen ƙofa, da babu-kowa a cikinta, domin abin da ya shigo ba da sallama ba ba ya fita da fuska. Daga nan motar ja za ta kai ta garejin Bra Skhumba a Umlazi, inda za a ajiye ta don masu son ganin ƙarshe. Zaman makoki gobe Lahadi a wajen wankin mota, bayan coci. Kowa ya zo da kujerarsa. Ana roƙon masu irin muryarta su kashe inji daga nesa, zuciyata ba za ta ɗauka ba.

Ƙarin bayani. Tasi ta tsaya a ƙofa. Ta ɗan tsakanin barguna ina hango wani dogon mutum da jaka a kafaɗa, yana ɗingisa ƙafar hagu. Yara da mata sun ruga suna kiran sunansa, bai kula su ba. Nan ya nufo. Ya zagaya mu sau ɗaya. Ya ɗaga gefen bargo, ya tsuguna a bakin ƙofata, ina jin farcensa yana kankare fenti daidai inda ya ɓare.

Ya miƙe. Ya zaro tarin makullai daga aljihu, yana ware su ɗaya-ɗaya, har ya kai kan wani tsohon baƙin makullin mota. Nawa yana nan a jikin sitiyari, ina kallonsa.

Ya latsa.

Ƙyit-ƙyit.

Marigayiya ta kifta masa fitilu sau biyu, ta buɗe masa ƙofa.