Akuyar Fasto

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, shekarar babban fari, lokacin soja na mulki. Ni dillalin awaki ne a Matamaye, kuma a wannan shekarar duk wanda ya ɗaure dabba a ƙofar gida, sayarwa zai yi kafin ta mutu masa.

Kiristocin garinmu 'yan kaɗan ne. Al'adarsu ce su ware rana su karrama fastonsu, mai gero ya kawo, mai kaza ya kawo. Shekarar babu geron, sai matansu suka haɗa kai su saya masa akuya mai nono, don matarsa na goyo kuma nononta ya ƙafe. Wata dattijuwa, Inna Saratu, suka aiko. Na ba ta wata ja, na yabe ta har ni kaina na kusa fasa sayarwa.

Ranar Lahadin na bi ta ƙofar Fasto, mata na waƙa, ga akuya ɗaure a gindin bishiyar bedi. An wanke ta tas, an ɗaura mata sabon ƙyalle a wuya. Wallahi ban gane ta ba (a hannuna ba ta taɓa ganin sabulu ba). Ciniki kawai na hango. Na buɗe bakinta, na taɓa hantsa, na girgiza kai.

"Fasto, wannan ta gama zamaninta. Haƙora sun ƙare, hantsa kamar tsohuwar salka. Wanda ya sayar maka bai ji tsoron Allah ba. Amma don maƙwabtaka zan rage maka wahala."

Waƙa ta tsaya cak. Inna Saratu ta fito daga cikin mata, ta kama ƙugu.

"Alhaji, a hannunka budurwa ce. Yaushe ta zama kaka?"

Na dubi akuya, ita ma ta dube ni. Ita kam ta gane ni.

Fasto ya yi murmushi. "Bar shi, Inna. Alhaji ya zo duba mana lafiyarta ne."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na koma gida na kwance wata fara mai ɗa, wadda na ajiye don iyalina, na jawo ta da kaina na kai wa Fasto. Suka tarbe ni da guɗa, har da waƙa.

Tun ranar, kafin in kushe dabba sai na tambayi wanda ya sayar da ita.