Ranar da Aka Ƙona Mini Muryar Baba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so in manta ma 'yan kasuwar Yelwa ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, rabi da kaina, rabi da wanda ya ƙirƙiro Turanci.

Mahaifina, Allah ya jiƙan sa, bai bar mana gona ko jirgi ba. Kaset ɗaya ya bari, wanda a ciki ya rera waƙar da ya tsara da ajami a kan tsohon garinmu da ruwan dam ya cinye. Duk Juma'a bayan La'asar sai na kunna wa Inna. Da zaren ya fara sarƙewa, muryar tana rawa, aka ba ni shawara in kai Yelwa a juye shi a faifan sidi. Inna ta naɗe shi a ɗankwali ta ce, "In wani abu ya sami kaset ɗin ga, kada ka dawo mini garin nan na Wara."

Na kai wa wani mai shagon kwamfuta, Sanusi, magidanci mai fara'a. Ya ce in dawo bayan Azahar.

(Ni karatun allo da ajami na yi. Turanci a ajin yaƙi da jahilci na ɗan tsinta, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: bon. Wai ƙonawa bon, haihuwa bon, ƙashi ma bon. Malaminmu ya rantse bakin Bature yana bambanta su. Ni dai da na rubuta da ajami, duka ukun kamarsu ɗaya.)

Da na dawo daga masallaci, sai na ga hayaƙi a bayan shagon, ga warin roba. Ban kawo komai a raina ba. Na yi sallama.

"Malam, an gama," in ji Sanusi. "Na yi bonin ɗin shi."

"Mi ka ce? Wane bon a ciki? Na haihuwa ko na ƙashi?"

Ya yi dariya. "Na ƙonawa mana! Har sau biyu na ƙona maka, don kada a sami matsala."

Jama'a, ban san lokacin da na tsallake teburinsa ba. Ni da nake wa mutane nasiha a kan haƙuri, sai ga ni na ci kwalar magidanci ina ihu: "Ka ƙona ubana! Amana na ba ka, ka ƙona ta, kana kuma yi mini dariya!" Rawanina ya warware yana jan ƙasa. Masu kifi suka baro kwandunansu, 'yan acaɓa suka kashe babura. Wata tsohuwa mai bandar kifi tana ta salati tana tambaya, "Ina gawar? Cikin shago anka ƙone shi?"

Sanusi, wuyansa a hannuna, ya miƙa yatsa ya danna wani abu. Babbar lasifikar ƙofar shagon ta yi ƙara, sai ga muryar Baba yana tari. Na sake shi.

To, akwai abin da ban faɗa muku ba. Kafin Baba ya fara waƙar, kaset ɗin ya ɗauki wani ɗan guntun zance da kullum nake wucewa da sauri. Ran nan duk kasuwa ta ji shi ras:

"Kai, sakar mashi riga! Wanga yaro, ba ka tambaya sai faɗa? Zauna nan, mai zuciyar tsiya!"

Tsohuwar nan ta dube ni ta ce, "Malam, kai ne yaron?"

Dariyar da aka yi, na tabbata masunta sun ji ta a tsakiyar ruwa. Sanusi ya buɗe aljihun tebur, ga kaset ɗina lafiya lau cikin ɗankwalinsa, ga faifai biyu. Hayaƙin kuwa shara ce maƙwabcinsa ya cinna wa wuta.

Na ba shi haƙuri, ya yafe, Allah ya saka masa. Ya bayyana mini cewa wani ɗan siririn haske ne a cikin na'urar yake ƙuna a jikin faifai, kamar yadda masu zanen ƙwarya ke yi da ƙarfe mai zafi, shi ya sa ake cewa ƙonawa. Na ji, amma ban yarda ba. Mu abin da aka ƙona ya tafi ke nan. Wane irin harshe ne zai kira adana abu da ƙona shi? Daga baya ma na ji wai wuta faya, harbin bindiga faya, korar mutum daga aiki faya. Mutanen nan ba su da tsoron wuta ne?

Kafin in isa Wara, direban motar farko ya riga ya kai labari. Inna ta karɓi faifan ta ce in kunna. Na kai hannu zan wuce wurin faɗan nan, ta buge mini yatsa.

"Bar shi. Ashe har yanzu maganar ba ta shige ka ba."

Tun daga ranar, duk Juma'a sai Baba ya yi mini faɗa kafin ya yi waƙa. Ni kuma na ɗauki darasi: in aka ce mini an ƙona abu da Turanci, sai na ga toka kafin in taɓa rigar mutum.